Sabon tsarin aiki a ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa, ya kuka yi ma'aikatanku suka karɓa?

Sista Inchaji:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, wlh abin ya fara cin raina. Wata biyu da suka wuce aka tura mu bita ni da wasu inchaji (nas masu shugabantar ɗaki) guda uku, muna dawowa sai ga sakula daga ofis wai daga farkon wata abu uku za su canza a ɗakunan kwanciya. Handoba, wato miƙa aiki da bayanin marasa lafiya ga masu karɓar duti, za a riƙa yinta a bakin gadon mara lafiya ba a ofishin nas ba, sannan akwai wata takarda mai alamomi 6 da za a cike wa kowane mara lafiya a kowane duti don a gane wanda ke shirin birkicewa, sai na ukun wanda shi ne mai zafin, ba a ɗaure kowa a gado sai an gwada lallashi, an sanar da likita, an cike fom, kuma duk minti 15 a leƙa shi a rubuta. Ni dai har zuciyata na yarda da abin, don na ga amfaninsa da aka yi mana bayani. Amma yau sati uku kenan, takardun nan sai gab da tashi ake zama a cike su gaba ɗaya da biro ɗaya, sifili sifili sifili, wai ba wata alama, tun daga gado na farko har na ƙarshe, har da yaron da ya fasa gilashin taga a daren. In na yi magana a ce na ci alawus ɗin bita na dawo ina takura wa mutane. Waɗanda suka taɓa kawo sabon abu a ɗakinsu ya zauna, ta ina kuka fara?

Ɗan Aikin Dare:
Wa alaikumus salam Sista. Ni zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, don irina ne ke cike miki sifilin nan. Wanda ya rubuta sakular nan ya taɓa kwana a ɗakin maza? Mu biyu ne da dare sai atanda (mai taya nas hidimar marasa lafiya) ɗaya, gadaje a cike har da katifa a ƙasa. Daren Talata ƙarfe ɗaya saura aka kawo wani saurayi, yayyensa su biyar suka sauko da shi daga a daidaita sahu an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanya, kwana huɗu bai runtsa ba, wiwi da tiramol, ga ba wuta, janareto ba mai, da fitilar waya nake neman jijiya. Ana kwance igiyar ya ɗauki sandar ƙarin ruwa ya yi kan atanda. To a wannan lokacin ne zan tsaya lallashi, in kira likitan da ke can wani gini yana duba mutum uku, in nemo fom? Kuma in na ɗaure shi, wa zai riƙa leƙa shi duk minti 15 alhali ɗayan nas ɗin yana can yana fama da mai farfaɗiya? Ku kawo ma'aikata tukuna sai a yi zancen tsari.

Sista Inchaji:
Ƙanena ban ƙi ta taka ba, ni ma shekara tara na yi ina aikin dare kafin a ba ni ɗaki, na san wannan daren da kake faɗa. Amma ai ba kullum ne daren Talata ba. Nawa ne ake ɗaurewa don kawai yana yawo yana hana mutane barci?

Ɗan Aikin Dare:
Akwai su, ba zan musa ba.

Baba Ritaya:
Salamu alaikum yarana. Ni na bar aiki amma wannan magana ta taɓa ni, bari in ce wani abu. Lokacin da muka fara aiki magungunan kwantarwa Lagatil da diyazifam su ne komai, sai bandeji da tsohon zanin gado da muke yagawa mu yi ɗauri da shi, kuma ba wanda ke ganin laifi ne don a gida ma turu ake saka mutum ko a saka masa mari a ƙafa, mu har gani muke mun fi tausayi. Akwai wani bawan Allah manomi, shiru-shiru ne in yana cikin hayyacinsa, muka ɗaure shi da magariba saboda ya tasar wa wani, aka yi canjin duti ba wanda ya gaya wa na dare cewa a sassauta, ya yi ta fizga har ya gaji ya yi barci a kan hannun. Da safe hannun ya kumbura yatsun ba sa motsi. Ya warke daga ciwon da ya kawo shi, ya koma gida da hannun da ba ya riƙe fartanya. Shekara ta fi talatin amma har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah, don da hannuna na ƙulla wannan ƙullin. Abin da ya cuce shi ba ɗaurin kaɗai ba ne, rashin wanda zai koma ya duba ne. Saboda haka wannan leƙawar ta minti 15 kada ku raina ta, in ma 15 ba za ta yiwu ba ku zauna ku faɗi wadda za ta yiwu ku riƙe ta da gaskiya, ya fi ku rubuta ƙarya.

Ɗan Aikin Dare:
Allah ya gafarta mana Baba. Wannan kam na ji ta.

Malamin Makaranta:
Ina so in ƙara da cewa abin nan ba son ran ofis ba ne kawai, doka ce ta canza. A watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita kuma tsohuwar asalinta tun 1916 ne zamanin Turawa, wadda ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare kawai. Sabuwar ta hana sanya wa mutum sarƙa, ta kuma ba shi haƙƙi a kan yadda ake masa magani, ɗauri da killacewa ba a hana su gaba ɗaya ba amma an ɗora musu sharaɗi. Kuma kun tuna abin da ya faru a 2019, gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa a Kaduna aka fito da ɗaruruwan mutane wasu da mari a ƙafa, sannan a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure masu larurar nan da sarƙa a faɗin ƙasar, ba a gidajen mari da wuraren addu'a kaɗai ba har da asibitocin gwamnati. To fom ɗin nan da kuke gani kamar wahala, ranar da wani abu ya faru da mara lafiya a ɗaure shi ne zai tsaya maka gaban kwamiti, ya nuna ƙarfe nawa ka ɗaure, me ka gwada kafin nan, wa ka kira.

Ɗan Aikin Dare:
Malam ai nan ne matsalar take. Fom ɗin in an cike shi ya kare asibiti, in ba a cike ba ya kama nas. Wanda bai ɗauki ma'aikata ba shi wane fom ne zai kama shi?

Malamin Makaranta:
Tambayarka tana kan hanya kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Abin da na sani shi ne in kun rubuta gaskiya, an ɗaure mutum ƙarfe ɗaya, ba a samu leƙa shi ba sai biyu da rabi saboda nas biyu ne a kan ɗaki cike, to wannan takardar ta zama hujjarku in ƙungiyar ma'aikata za ta je neman ƙarin hannu. Sifilin da kuke jerawa kuwa cewa yake komai lafiya lau, mutum biyu sun isa.

Nas daga Ingila:
Slm kowa da kowa, yanzu na tashi daga aiki na ga zancen. Sista takardar nan mai alamomi 6 na san ta, Broset ake ce mata, daga ƙasar Norway ta fito kuma nan ma muna amfani da ita. Ruɗewa, saurin fushi, hayaniya, barazana da baki, barazana da jiki, da dukan kaya irin su ƙofa ko kujera. Kowace in akwai ka sa 1 in babu ka sa 0, in jimla ta wuce 2 to a shirya don awa 24 masu zuwa akwai haɗari. Wani abu da ba a cika faɗa a bita ba, in ka san mutum kuma ɗabi'arsa ce kullum surutu da ƙarfi, ba za ka sa masa 1 ba sai in ya ƙaru a kan yadda ka san shi. Minti ɗaya ba ta ci ga mutum ɗaya. Amma amfaninta ba a cikewar yake ba, a abin da za ka yi ne bayan ka ga 3, ka matso da gadonsa kusa da ofis, ka kwashe sandar ƙarin ruwa da kujerar ƙarfe daga gefensa, ka gaya wa likita tun da rana a duba maganinsa kada a jira ƙarfe biyun dare.

Sai kuma wani tsari da ake kira Safewards, wani farfesan aikin nas na ƙwaƙwalwa mai suna Len Bowers ne ya jagoranci haɗa shi a Landan. Sun gwada a ɗakuna 31 cikin asibitoci 15, sakamakon ya fito a 2015, rigingimu suka ragu da kashi 15 cikin ɗari, ɗauri da killacewa da allurar dole suka ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Abubuwa 10 ne kuma yawancinsu ba sa cin ko sisi. Gaskiya ba zan ɓoye ba, nan hannu ya fi yawa nesa ba kusa ba, in ka danna ƙararrawa mutane ne za su cika ɗakin kafin ka ƙifta ido, don haka ba na cewa ku kwafa yadda yake. Amma ƙanena na dare, ko a daren Talatar nan taka akwai abin da ya shafe ka, kada a danne mutum rub da ciki a hau bayansa, numfashi ke ɗaukewa kuma an rasa rayuka ta haka, sannan wanda ya sha ƙwaya aka ƙara masa allurar kwantarwa shi ne ya fi kowa buƙatar a riƙa duba numfashinsa, barcin da kake ganin ka huta da shi wani lokacin ba barci ba ne.

Anti Matiron:
To bari in shigo, don ni na taɓa faɗuwa a wannan ramin da Sista take ciki yanzu. Karon farko da na kawo irin wannan a ɗakin mata, liƙa takarda na yi a bango na ce daga Litinin, wallahi ko sati biyu bai yi ba ya mutu murus. Da na dawo karo na biyu sai na canza salo. Na farko ban kawo abu uku ba, ɗaya na ɗauka. Na biyu kafin in ƙara musu takarda sai da na cire wata, muna da wani littafi da ake kwafe abin da aka riga aka rubuta a folda a sake rubuta shi, ba mai karantawa, na je na roƙi ofis aka yarda muka ajiye shi, nan take fuskokin mutane suka saki don sun ga ba lodi kawai na zo ƙarawa ba. Sannan na yi dutin dare uku tare da su, ba don sa ido ba, na ɗauki gadaje na raba magani kamar kowa.

A daren ne na gane wadda ta fi mu duka sanin marasa lafiyar nan ita ce wata dattijuwa atanda da ta shekara sama da ashirin a ɗakin, ba ta taɓa zuwa bita ko ɗaya ba, ko sunanta ba a sakawa. Ita ce ta ce min, Anti kin ga waccan, in ta fara ninke zaninta tana warwarewa tana sake ninkewa to kafin asuba sai ta daki wani, waccan kuma in ta ƙi karɓar koko daga hannuna to muryoyin sun dawo. Na ce Iya ai abin da takardar Turawan ke nema kenan, ke a kanki yake. Sai muka samo farin allo muka rubuta alamomin da Hausa, kowane canjin duti a tsaya minti biyar har da atanda da mai shara da mai gadi, a tambaya wa kuka ga ya canza yau. Su suke faɗa nas ta rubuta. Daga ranar da Iya ta ga maganarta na hawa allo, ita ta koma mai tuna mana in mun manta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma kullum daga sama muke kawo bokiti.

Sista Inchaji:
Anti Allah ya saka da alheri, wlh ban taɓa tunanin saka atanda a ciki ba, kuma su ne ke wanka da su suna ba su abinci. To handobar bakin gado fa, ya kuka yi da ita?

Anti Matiron:
Wannan kam na watsar da ita kuma ban yi nadama ba. A ɗakin tiyata tana da kyau, a duba ciwo a duba ƙarin ruwa. Amma a namu, ki tsaya kan mace mai zargin ana ƙulla mata sharri, ku huɗu da fararen kaya kuna magana ƙasa-ƙasa kuna kallonta kuna rubutu, me kike tsammani? Ga masu jinya a zaune a tabarma tsakanin gadaje, kishiya ko uwar miji tana jin an ce ta yi yunƙurin kashe kanta, gobe duk unguwa ta ji. Abin da muke yi, sirri a ofis a rufe ƙofa, sannan mu fito tare mu zaga gado gado, mai tashi ta ce Hajiya ni zan tafi ga wance ita ce da ku har safe, a gaisa a tambayi kwanan jiki. Mai karɓa ta ga kowa da idonta, mara lafiya ta san wa za ta nema. Ki koma ofis ki gaya musu haka, in sun ga kin riƙe biyu kin gyara ɗaya da hujja ba za su ƙi ba.

Malamin Makaranta:
Anti a nan zan ɗan saba da ke kaɗan. Dalilin da ya sa ake son ta bakin gado shi ne mara lafiya ya ji abin da ake faɗa a kansa har ya sa baki, kada ya zama kaya da ake miƙawa. In an koma ofis an rufe ƙofa, tsohon halin zai dawo, gado na 4 ɗan iska ne, gado na 9 ta cika naci, mai karɓar aiki tun kafin ya ga mutum ya riga ya tsane shi.

Anti Matiron:
Malam gaskiyarka a kan harshen da ake amfani da shi, amma maganinsa ba a tona asirin mutum gaban surukansa ba ne. Mu ƙa'idar da muka sa, duk wanda za ka ba da rahotonsa sai ka faɗi abu ɗaya mai kyau da ya yi a dutin, ko da cewa ne ya yi wanka da kansa ko ya taya wani cin abinci, in kuma ya yi rigima ka faɗi abin da ya faru kafin rigimar. Da farko dariya suke yi, daga baya sai ga shi ana gano abubuwa. Wata da muke ce wa mai naci ashe jaririnta ɗan wata uku aka raba ta da shi, nono na cika yana mata zafi ba ta iya faɗa ba, ita ce take ta buga ƙofa.

Nas daga Ingila:
Anti wannan da kika faɗa yana cikin goman nan sak, faɗin alheri a handoba. Akwai kuma na kula da mummunan labari, wato in kun san wani zai ji abin da zai tayar masa da hankali ku riga shi shiri.

Anti Matiron:
Ai mu ranar ziyara ce babbar ranar rigima. A zo a gaya wa mace mijinta ya aiko da takarda, ko a ce wa saurayi an sallame ka amma ba za ka fita ba sai an biya kuɗin gado, 'yan uwa su kaɗe riga su tafi su bar mu da shi. Yanzu muna tare masu ziyara a ƙofa mu tambaya ko akwai wani labari mai nauyi, in akwai a faɗe shi a ofis muna zaune, bayan sun tafi wata ta zauna da ita ko minti goma ne. Sauran lokutan kuwa kowa ya san su, layin magani, in abinci ya makara, mai shan sigari da aka hana shi kwana biyu, da wanda aka ce ba zai fita masallaci ba ba a kuma gaya masa dalili ba.

Baba Ritaya:
'Yata ta Ingila, ba ina rage wa Turawa ba ne, amma kada yaran nan su ɗauka komai daga waje ya zo. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro ta Abeokuta, mara lafiya ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa, da safe ya zo asibiti a yi masa magani ya koma cikin jama'a, har masu maganin gargajiya ya jawo aka yi aiki da su, duniya ta zo tana koyo, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai jinyar nan da ke kwance a tabarma kuna ganin ya cika muku ɗaki, shi ne ya san wace kalma ce ke kwantar da ɗansa. Kuma lallashi ai namu ne. Ka ce wa mutum Malam ko Alhaji, ka gaishe shi ka tambayi iyali, ka rage tsawo in yana zaune, kada ka tsaya masa a bakin ƙofa ya ji an rufe shi, mutum ɗaya ya yi magana ba biyar ba. In ya ce aljanu ne ke masa magana kada ka tsaya musu da shi kuma kada ka ce kai ma ka ji su, ka ce na ga abin yana wahalar da kai, zo mu zauna.

Ɗalibar Nas:
Ina wuni iyayena, ku yi haƙuri in sa baki ni ƙarama ce. Mu a makaranta duk an koya mana wannan, har jarrabawa muka rubuta a kai. Amma ranar farko da aka tura mu ɗaki wani babba ya ce mu ajiye littafi a gida nan fili ne, da na tsaya ina magana da wani mara lafiya da ke kuka aka ce ina ɓata lokaci in je in jera foldoji. Rannan kuma wani yaro da aka yi wa allurar halofiridol, maganin larurar ƙwaƙwalwa, wuyansa ya karkace idonsa ya yi sama harshe waje, aka ce iskanci ne yake yi don a sallame shi, ni na san illar maganin ce amma tsoro ya hana ni magana, sai da likita ya zo aka ba shi magani ya saki. Har yanzu abin na damuna.

Sista Inchaji:
Ƙanwata ki yafe mana. Abin da kika gani daidai kika gane shi, kuma irin wannan in ya kama maƙogwaro yana iya hana numfashi, ba abin jira ba ne. Gobe in kin sake gani ki faɗa da ƙarfi ko waye a wurin, in an yi miki tsawa ki nemi inchaji. Kin ma tuna min, ɗalibai na zuwa ɗakina ban taɓa tambayarsu me suka gani ba.

Ɗan Aikin Dare:
Na karanta duka. Abu ɗaya ne har yanzu ba wanda ya taɓa, mu fa? Bara wata abokiyar aikinmu tana da ciki wata biyar mara lafiya ya haure ta a ciki, Allah ya kiyaye cikin bai zube ba, amma washegari sunanta na kan rosta, ba wanda ya kira ta daga ofis ya ce sannu, kuɗin hoton cikin ma da kanta ta biya. Ni haƙorina na gaba rabi ne. Mutumin da aka daka jiya ba a ce masa komai ba, yau ka ce ya zo da tattausan harshe, tsoro ne a cikinsa, kuma mai tsoro shi ne ke saurin ɗauko bandeji. In ana son mu canza a haɗa da wannan a cikin tsarin, duk wanda aka ji wa ciwo a rubuta, a duba shi kyauta, a ba shi ko kwana ɗaya ne, a zauna a tattauna me ya faru ba don a nemi mai laifi ba.

Anti Matiron:
Wannan magana taka ita ce ta fi duk abin da na faɗa. Sista ki sa ta a gaba in za ki ofis, kuma zaman nan na bayan rigima a yi shi da mara lafiyan ma in ya dawo hayyacinsa, a tambaye shi me ya tayar maka, me za mu yi nan gaba. Da yawansu ba su manta ba, kunya ce ke hana su magana, wani har kuka yake yana neman gafara.

Sista Inchaji:
To alhamdulillah, ga abin da zan yi in sha Allah. Ranar Litinin zan je wurin shugabar nas da buƙata uku, a bar mu mu yi handoba irin ta Anti, a cire mana littafi ɗaya, a kuma sa maganar wanda aka ji wa rauni a rubuce. Takardar alamomi zan tsayar da cike wa kowa da kowa, mu fara da sababbin kwanciya na kwana ukun farko da duk wanda aka ga ya canza. Dare uku na sati mai zuwa zan sa kaina a rosta. Ƙanena na dare da a ɗakina kake da kai zan fara zama.

Ɗan Aikin Dare:
Da sharaɗi Sista, ki ƙara da fitila mai caji guda biyu a buƙatun, ba a duba yatsun wanda aka ɗaure a cikin duhu. Kuma mai gadin ƙofa a koya masa yadda ake riƙe mutum, don shi ne ke fara hawa baya. Ni ma zan gwada allon a wurinmu in inchajinmu ya yarda, Anti ki turo min yadda kuka rubuta alamomin.

Anti Matiron:
Zan ɗauki hoton allon gobe bayan na goge sunaye in turo. Ta ukun ce ta ba mu wahala, mun fara sa hayaniya sai aka riƙa sa wa duk mai waƙa da mai wa'azi 1, Iya ta ce a rubuta buga ƙofa da ɗaga murya fiye da yadda aka saba, haka muka bar shi.

Malamin Makaranta:
Anti in kin turo zan nuna wa ɗalibaina na bana, sati mai zuwa za su fita ɗakuna.

Ɗan Aikin Dare:
Sai da safenku, an kawo wani yanzu ina jin hayaniya a bakin get, bari in je in tarbe su kafin su shigo da shi a ɗaure.